Kafin Na'urar Ta Iso

Laraba biyar ke nan a jere Mamman Sani yana hawa motar Ƙonni daga Malbaza da niyyar ba zai runtsa ba sai ya ga lakwal, wato makarantar Tsarnawa. Laraba biyar kuma barci yana cin amanarsa.

Yau har gefen taga ya nema, ya ci goro, ya riƙa matsar fatar cinyarsa da farce. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ginin nan mai aji uku a bakin titi, da itacen dogon yaro inda Tsahara take tsayawa in yara sun fita shan iska. Ko mayafinta ya hango daga nesa, ya ishe shi guzurin mako guda.

Ya san dai ya ga gonakin dawa na kusa da mararraba. Daga nan sai ya ji ana girgiza kafaɗarsa.

"Bawan Allah, tashi, an zo Ƙonni," in ji wata tsohuwa da ke zaune kusa da shi. "Ka hwa ba mu tsoro. Sau uku numfashinka na ɗaukewa, har na ce ma direba shi tsaya mu duba ko da sauran rai."

"Ki gafarce ni, Inna. Lalura ce."

"Allah shi ba ka lahiya, ɗana."

Ya sauka kansa yana sarawa, maƙoshinsa a bushe. Tsarnawa ta sake wucewa bai gan ta ba.

Mamman Sani mai gyaran kuran ne, wato wutar lantarki, a kamfanin siminti na Malbaza, ɗan shekara talatin da huɗu, kakkaura mai sanyin hali. Tun yana saurayi abokai ke tsokanarsa da minshari, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin ciwo. Sai da aka tura shi Faransa ƙaro sani shekara biyu da suka wuce, abokin ɗakinsa ya ja shi wajen likita dole. Aka kwantar da shi dare guda da wayoyi a jiki. Da safe likita ya ce masa in barci ya yi nauyi maƙogwaronsa rufewa yake, numfashi ya tsaya, sai jiki ya firgita ya fizgo iska. Haka yake yi ba adadi har gari ya waye, shi ya sa bai taɓa tashi da ƙarfin jiki ba.

Ya dawo gida da na'ura, wani akwati bai fi rediyo girma ba, da tiyo da abin rufe hanci. Tana hura masa iska a hankali, hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Da ita ya fara sanin abin da mutane suke nufi in sun ce sun yi barci mai daɗi. Ciwon kai ya bar shi, idonsa ya washe, har ya sami bakin tsayar da malamar lakwal a tashar Tsarnawa ya tambayi sunanta.

Shekara guda suna tare. Manya sun shiga magana, an yi gaisuwa, saura sa rana.

Sai ruwan ƙarshe na damina ya zo da tsawa, ta faɗa kan wayar kuran ta unguwarsu. Ya farka da warin ƙuna a hanci. Da gari ya waye ya kwance bayan akwatin, kallo ɗaya ya yi masa ya san ta mutu. Shi da yake tada manyan injinan kamfani, ya zauna da sukurdireba a hannu ba abin da zai iya.

Ya rubuta wa likitan da ke duba shi a Yamai. Amsa ta zo cewa an aika neman wata daga Faransa, amma sai an haɗa takardu, sai jirgi, sai duwan, wato kwastan. Ya yi haƙuri, za a rubuto masa.

Kwana takwas bayan haka suka je Illela sa rana, shi da Kawu Chindo ƙanin mahaifiyarsa. Kawun ya ce ya tsaya a waje kamar yadda aka saba, amma Malam Labo mahaifin Tsahara ya aiko a shigo da shi ya gaida dattawa. Ya durƙusa a gefen zaure, aka ce ya zauna. Ana cikin addu'a, da rana tsaka, kansa ya langaɓe jikin bango. Minshari ya cika zauren, sannan ya yanke ɗif. Suka ga ƙirjinsa yana ja ba iska, leɓensa ya sauya. Wani tsoho ya fara salati. Can sai ya zabura da wani irin gurnani, ya buɗe ido ya tarar da mutum tara suna kallonsa, Kawu Chindo yana hawaye.

Ba a sa rana ba.

Saƙon Malam Labo ya biyo su washegari. Ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da ransa ke rataye da waya. Ba zai yi mata dole ba, ita ba yarinya ba ce, amma ba zai sa albarka ba. Ya ba shi zuwa ganin watan azumi. In bai warke ba, akwai Seyni, mai muƙamin ajidan a jandarman Illela, wanda ya daɗe yana aiko mutane. Abin da ya fi ci wa Mamman Sani rai, Seyni ba mugu ba ne. Mutum ne mai kunya da salla, ga lafiya kamar doki.

Tun daga nan duniya ta ƙuntace masa. Shef ɗinsa, shugaban aikinsu, ya sauke shi daga aikin manyan wayoyi ya maida shi magazin, ɗakin ajiya, yana miƙa kaya, don kada barci ya ɗauke shi a kan tsani. Likita ya hana shi tuƙi, babur ɗinsa yana jingine an lulluɓe shi da buhu. Yana kwana a zaune, bayansa a bango, filo uku a ƙugu, amma da barci ya yi nisa sai ya zame ya koma rigingine, ya farka yana haki zuciya tana dukan ƙirji. A irin wannan lokaci ba mutuwa yake tunani ba. Tsahara yake tunani, da yadda take karkata kai in tana sauraro.

Yau ma da ya sauka a Ƙonni, posta ya nufa neman wasiƙar likita. Ma'aikacin ya hango shi tun daga ƙofa, ya girgiza kai tun bai tambaya ba.

Ya fito ya zauna a benci ƙarƙashin inuwa, wai ya ɗan huta kafin ya koma tasha.

Da ya buɗe ido, inuwar ta matsa, kuma akwai mace a tsaye tana kare masa rana da mayafinta.

"Yaya Sani."

Ya ɗauka mafarki ne, har sai da ya hango Madam Mariama, abokiyar aikinta, tsaye can gefe tana duban wani waje. Laraba da rana ba a lakwal.

"Tsahara? Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin azahar. Ban iya tashe ka ba, kuma ban iya tahiya in bar ka ba."

Ta rame. Idonta ya yi ja. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

"To kin gani da idonki. Da labari anka ba ki, yau kin gani."

"Na gani."

"Haka nike kowane dare. Haka za ki riƙa ji a gefenki."

"Na ce na gani, Yaya Sani."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta bar fili tsakaninsu. Mutanen kasuwa suna wucewa da jakunansu.

"Kullum Laraba ina tsayawa bakin titi," ta ce a hankali. "Yara sun gane, har dariya suke mini. Sau biyu na ga motarku ta wuce, na ga kanka jingine da taga. Na ɗaga hannu, ba ka gani ba."

Ya juyo wajenta.

"Wallahi don ke nike zama gefen taga. Goro nike ci, jikina nike matsa. Ko wanga ɗan abu na kasa yi miki, Tsahara. Kallo kawai na kasa."

"Ni na gan ka, ya isa."

"Bai isa ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ki saurare ni. Na yi tunani har na gaji. Baba bai yi laifi ba. In ni ke da ɗiya, ni ma abin da zan yi ke nan. Seyni mutumin kirki ne, na bincika. Ba ya barci a gaban surukai, ba a yi mishi salati da ransa. In azumi ya zo babu labari, kada ki yi jayayya da iyayenki saboda ni."

Ta juyo ta dube shi sosai, hawaye suna zuba ba ta share ba.

"Buhun gero ka maida ni? Wanda ya gaji da ɗauka shi miƙa ma na kusa da shi?"

"Ba haka nike nufi ba."

"To mi kake nufi? Ranar da ka tsayar da ni a tasha, ka tambaye ni ko ina son mai lahiya? Watanmu biyu da haɗuwa ka gaya mini kana kwana da inji a hanci, na yi dariya na ce ashe zan auri matuƙin jirgi. Ka manta? Ban shiga da ido rufe ba. Kowa ya juya mini baya a gida, Baba ba ya amsa gaisuwata da kyau, Inna ta bi ta yi shiru kamar an ɗinke mata baki. Kai kaɗai ka rage mini, kai ma sai ka kama hannuna ka kai ni ƙofar wani?"

"Tsoro nike ji."

"Ni ma ina ji. Ɗazu da numfashinka ya tsaya, nawa ma tsayawa ya yi. Amma tsoron rasa ka ya hi."

Ƙato da shi, a gaban posta, hawaye suka zubo masa.

Ta jawo wani ƙunshi daga jakarta ta ajiye a tsakiyar bencin.

"Ka rubuto mini likita ya ce ka daina kwana rigingine, kuma kana zamewa ba ka sani ba. Buɗe."

Singileti uku ne sababbi. A bayan kowace, daidai tsakanin kafaɗu, an ɗinka ɗan aljihu an cusa goruba biyu an rufe da zare.

"In ka juya ka kwanta a baya, za ta soke ka, ka koma gefe ko kana barci. Na gwada a jikina dare biyu." Ta yi murmushi cikin kuka. "Bayana har yanzu ciwo yake."

Madam Mariama ta yi gyaran murya. Tsahara ta miƙe.

"Kada ka sake yi mini zancen Seyni. In za ka rabu da ni, ka ce ba ka so na. Za ka iya cewa?"

"Har abada."

"To ka jira, ni ma ina jira."

Ta tafi ba ta waiwayo ba. Ya bi ta da ido har ta shige cikin taron kasuwa.

Gorubar ta yi aiki, ko da yake ba duka ba. Yana farkawa, amma ba kamar da ba. Ya bar cin tuwo da dare, sai ɗan kunu tun magariba. Kowace la'asar yana taka ƙafa har bayan tudun da ake haƙar dutse ya dawo, har ya ƙara huda a bel ɗinsa. Bayansa ya yi tabo biyu inda gorubar take sukarsa. In ya taɓa wurin, sai ya ji kamar hannunta ne ya tura shi ya gyara kwanciya.

Ranar Lahadi ta biyu bayan haɗuwarsu, yana wankin singiletin a tsakar gida, aka yi sallama. Ladi ce, ƙanwar mahaifiyar Tsahara, wadda take aure a nan Malbaza. A bayanta akwai wata dattijuwa ta ja lulluɓi har goshi.

Inna Uwani.

Sabulu ya suɓuce masa. Surukuwa a gidan mai neman 'yarta, abin da bai taɓa ji ba. Ya shimfiɗa tabarma da sauri, ya koma can bakin randa ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ita kuma ta zauna ta ba shi gefe, tana duban katanga.

"Ladi," ta ce, "tambaye shi, wanga ciwo yana da suna wurin likita, ko iska ce kamar yadda mutane ke faɗi?"

"Ciwo ne, Inna, ba iska ba. Maƙogwaro ne ke rufewa."

"Tambaye shi, yana kisa?"

Ya san amsar za ta iya raba shi da Tsahara.

"Ba zan ɓoye miki ba. In anka bar shi ba magani, yana gajiyar da zuciya, yana kawo hawan jini. Mai shi kuma in yana tuƙi, barci na iya kashe shi a hanya. Da na'ura, mutum na zama kamar kowa."

Da ta sake magana, ba ta bi ta kan Ladi ba.

"Mamman, kai da Tsahara kuna ganin Malam ne ya hana. Ba shi ba ne. Ni ce."

Ya ɗago kai bai shirya ba, ya sake saukewa.

"Ranar da kunka zo, ina bayan zaure ina jin ku. Da na ji minsharinka, na ji inda ya yanke, tun ba a yi salati ba na san mi ke nan. Na san tsawon shirun, na san ƙarar da ke biyo baya. Shekara talatin da ɗaya ina jin ta."

Ladi ta dafe ƙirji. "Yaya, mi kike faɗi?"

"Malam haka yake. Tun daren da anka kai ni." Ta gyara zama. "Ina yarinya, na ɗauka ya mutu, na girgiza shi, ya yi numfashi ya ci gaba da barcinsa. Da sahe na gaya mishi, ya ce mafarki na yi. Tun daga nan ban sake faɗi ba. Kunnena ɗaya ba ya barci. In shirun ya yi tsawo, in taɓa shi da gwiwar hannu, ya ja iska. Ko bikin 'yan'uwa na tahi, ba ni kwana. Da na je gida wankan Tsahara, kwana arba'in ina kuka, ana cewa ƙuruciya ce, alhali tunani nike wa zai taɓa shi. Ban san daren da na yi barci har asuba ba, Mamman. Ban san shi ba."

Ta share ido da bakin lulluɓi.

"Ba ƙin ka nike ba. Na ga hankalinka, na ga yadda ɗiyata ke haske in an ambace ka. Amma na san abin da ake kira kwana kusa da irinku. Shi ya sa na ce ma Malam kada shi yarda. Ban so ta tsufa tana sauraron ƙirjin namiji."

Mamman Sani ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da mataccen akwatin ya ajiye a bakin tabarma. Ya nuna tiyon, ya nuna abin hanci.

"Shekara biyu da wagga, Inna, ko maƙwabcina na jikin bango bai ji motsina ba. In sabuwar ta zo, Tsahara za ta yi barcinta."

Ta miƙa yatsa ta taɓa inda ya ƙone.

"In ta sake ƙonewa hwa? In kuran ya ɗauke tsakar dare? Sai ɗiyata ta zama injinka?"

Ya dubi akwatin.

"Ba ni da amsa yau. Amma ba zan tako Illela ba sai da ita."

Ta miƙe, ta gyara lulluɓi. Har ta kai ƙofa ya ce, "Inna, Baba ya kamata shi ga likita."

"Mutumin da bai san yana yi ba?" ta ce, ta fita.

Tambayarta ta hana shi sukuni, ta kuma ba shi abin yi. Ya samo baturan kamiyo biyu, irin na manyan motoci, ya zauna da waya da dalma kullum bayan aiki. Ya haɗa akwatin da zai juya wutar batir ta zama irin ta gida, wanda zai karɓa da kansa in kuran ya ɗauke, ya sa masa abin da zai tsinke kafin tsawa ta kai ga na'ura. Sau biyu barci ya ɗauke shi ƙarfen dalma ya ƙona masa yatsa. Ya gwada da fanka, ya kashe wutar gidan, fankar ta ci gaba da juyawa har safe. Ya tsaya yana kallonta, yana so ya gaya wa mutum ɗaya tak a duniya, ba hali.

Sha'aban ya raba tsakiya, ya gangara. Wata Litinin Ladi ta tare shi a hanya, ta ce masa a gaggauce mutanen Seyni za su je Illela ranar Juma'a da goro. Malam ya ce su zo, bai jira ganin wata ba.

Laraba ya tafi Ƙonni. Wannan karon ma'aikacin posta bai girgiza kai ba, ambulan ya ɗaga masa. Ya yage ta a tsaye. Na'ura ta iso Yamai. Ya zo ranar Asabar a gwada masa ita, ya kwana biyu a asibiti.

Ya karanta sau uku. Juma'a yana kan hanyar Yamai, ana raba goron wani a zauren Malam Labo. Abin da ya jira wata biyu da rabi ya zo, ya makara da kwana ɗaya.

Bai san yadda ya koma Malbaza ba. Rana ta yi sanyi lokacin da ya shawo kwanar gidansu, sai ya ja ya tsaya.

Malam Labo ne zaune a kan dakalin ƙofarsa, da sanda da 'yar jakar fata a gefe.

Mamman Sani ya cire takalmi ya durƙusa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, tsohon yana amsawa yana duban ƙasa. Ya ƙi shiga ciki. Ya ce siminti ya zo tambaya, zai gyara rumbu. Daga nan ya shiga juya sandar a hannu.

"Uwani ta sa an kawo mata rakoda daga lakwal," ya ce daga bisani. "Ta ajiye mini ita a kai ina barci. Da sahe ta rufe ƙofa ta kunna."

Mamman Sani ya kasa kunne.

"Na ce wane ne wanga? Ta ce saurara dai. Na ji mutum na minshari, na ji ya yi shiru. Na jira shi ja numfashi, bai ja ba, har na ji ni kaina ina haki. Sai na ji muryarta can ƙasa tana cewa, Malam, Malam. Sau goma sha ɗaya kafin kaset shi ƙare." Ya ɗaga kai, idonsa ya cika. "Shekara talatin matar ga tana tsaron raina, ni ina mata faɗan ta cika gyangyaɗi da rana. Kuma na zauna a zaurena na ce ba ni ba da ɗiya ga irinka."

"Baba, ba laihinka ba ne. Mai shi ba ya sani."

"Bar ni da laihina." Ya goge gemu. "Likitan naku na Yamai, yana duba tsofaffi?"

"Yana dubawa. Yau ma takardarsa ta zo, na'urata ta iso. Asabar yake nemana."

"To jibi sai mu kama hanya."

Mamman Sani ya sunkuyar da kai.

"Na ji an ce kana da baƙi ranar Juma'a, Baba."

"Na aika ma ajidan da haƙuri. Na ce tahiya ta kama ni, zan raka ɗana asibiti. Mutum ne mai hankali, ya gane." Ya nuna shi da sanda. "Amma kada ka yi murna da wuri. Ni na sauka, Uwani ba ta sauka ba. Ta ce ta yi maka tambaya, tana jiran amsa."

"Amsar na cikin ɗaki. In ka yarda ka shigo, in nuna maka."

Tsohon ya yunƙura, Mamman Sani ya riƙe masa jaka. Akwai tambaya ɗaya da take cin sa, wadda ba ya iya yi wa suruki da suna. A bakin ƙofa ya daure ya ce, "Mutanen gida duka lahiya?"

Malam Labo ya tsaya, ƙafa ɗaya a ciki, bai juyo ba.

"Lahiya lau. Akwai wata da ta zo hutu, tun zuwanta in an sa mata tuwo sai ta juya shi ta rufe. Jiya da ta ji ina neman jakar tahiya, ta cinye nata, ta ce a ƙaro."